Kukan da mota ke yi da sanyin safiya

Ina shekarata ta uku a gareji abin ya faru. Garejinmu yana kusa da Kwangila a Zariya, ta hanyar da ke zuwa Samaru, shi ya sa yawancin masu kawo mana mota malaman makaranta ne da ma'aikata. A lokacin hannuna ya fara faɗawa, ina iya sauke giya in mayar ba tare da an tsaya a kaina ba, har Oga ya fara bar mini gareji idan tafiya ta kama shi.

Cikin Disamba ne, hunturu ya kankama. Oga ya tafi ta'aziyya Giwa. Wajen ƙarfe 11 sai ga wani malami da motarsa 'yar Kwatano, ya ce injin yana wani irin kuka siriri, wiii, kamar sauro a bakin kunne amma da ƙarfi. Na ɗaga bonet, na tayar da ita, na ji kukan can ƙasa-ƙasa ta gefen da fambel yake, wato bel ɗin da inji ke juyawa. Satin da ya wuce mun canza altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, a wata mota mai kuka kusan irin wannan, kuma abin yana nan a kunnena. Ban tambaye shi komai ba. Na ce, "Malam, altaneta ce, boris ɗinta ya tafi." Ya yarda da ni, ya ƙirgo kuɗi, na hau mashin zuwa Sabon Gari na sayo wata. Kafin la'asar na ɗaura. Muka tayar, shiru. Ya yi ta sa mini albarka.

Washegari kafin ƙarfe 8 yana bakin gareji, kukan ma ya riga shi isowa.

Oga bai ce mini uffan ba a gaban mai mota. Ya gaisa da shi, ya ba shi benci, sannan ya fara tambaya a hankali. "Malam, yaushe take yin kukan, tun da safe ko sai ta yi tafiya?" Ya ce da safe ya fi yawa, idan rana ta ɗaga sai ya ragu. "Idan ka taka totur tana tsaye, kukan yana ƙaruwa?" Ya ce yana ƙaruwa. "To idan za ka fito daga gida, kana murza sitiyari fa?" Malamin ya ɗan yi shiru, ya ce wallahi a nan ne ma ya fi tsanani, musamman idan ya karya kan motar har ƙarshe zai fita daga layinsu. Ina tsaye riƙe da sifana, jikina ya yi sanyi, domin duk amsoshin nan suna bakin mutumin tun jiya.

Oga ya roƙe shi ya bar motar ta kwana. A ganina wannan shi ne babban abin da aka yi a aikin gaba ɗaya, duk da cewa ba a taɓa ko noti ɗaya ba. Ni na saurari motar da rana, inji ya yi zafi, ciwon ya lafa. Shirun da na ji bayan na ɗaura altaneta ba aikina ne ya kawo shi ba, zafin la'asar ne.

Bayan sallar asuba muka haɗu, hazo ya rufe gadar Kwangila, hannu har ƙagewa yake. Oga ya sa na tayar da ita, kukan ya tashi sosai. Ya ɗauko doguwar sukudireba, ya fara naɗe hannun rigarsa tukuna, don fambel ba ya barin abin da ya kama. Ya ɗora bakinta a jikin altaneta, ya manna ƙotar a kunnensa, ya miƙo mini. Na ji juyi sumul. Ya matsar da ita kan famfon sitiyari, wanda ke tura mai don sitiyari ya yi sauƙin murzawa. Ban gama ɗora kunne ba na ji kukan yana shiga mini har haƙori. Sai ya buɗe murfin ɗan tankin man sitiyari ya haska da fitilar waya. Man da ya kamata ya zama ja garau ya koma kumfa, yana tsiri-tsiri kamar an kaɗa sabulu a ciki.

"Ka ga wannan? Iska take sha," in ji shi.

Ya nuna mini tiyon da ke kawo mai daga tanki zuwa famfo. A inda ya shiga famfon akwai 'yar roba zagayayya kamar zobe. Idan ta tsufa sai ta bushe, sanyi kuma ya ƙara tsuke ta. Wannan gefen zuƙa yake yi, ba turawa ba, shi ya sa ba lallai ka ga mai yana ɗiga a ƙasa ba, iska ce ke kutsawa ciki. Famfo ya riƙa niƙa mai haɗe da iska, shi ne kukan. Da inji ya ɗumama robar ta saki, sai ta ɗan toshe kafar. Da muka ciro ta, ta yi tauri kamar busasshiyar ganda, na lanƙwasa ta sai ta tsage. Sabuwar ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Muka saka, muka ɗaga gaban motar da jak, na yi ta murza sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe inji a kashe, Oga yana ƙara mai, har kumfar ta daina tasowa.

Muna wannan aikin ne ya riƙa bi da ni ta sauran hanyoyin. Kukan da ke bin gudun mota, ba totur ba, a nemi boris ɗin taya ko giya. Bel da ya saki ƙara yake yi mai kaifi, idan ka yayyafa masa ruwa sai ya canza nan take. Idan ka rasa gane wane ne cikin kayan da bel ke juyawa, cire bel ɗin ka tayar da inji na minti ɗaya kawai, kada ka wuce haka, don a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa. In kukan ya ɗauke, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana juyawa da hannu. Altaneta kuwa, da na ɗora mita a kan batir inji yana aiki, lafiyayya tana ba da tsakanin bolt 13.5 zuwa 14.5. Ya ɗauko tsohuwar da na cire ya ba ni, na juya ta da hannu, ba gargada ba motsi. Ƙalau take.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuɗin malamin. Albashi yake jira, ga kuɗin makarantar yara a watan Janairu, ni kuma na sa ya kashe abin da bai kamata ba saboda ina jin na iya. Oga ya sa na sauke sabuwar altanetar na mayar masa da tasa. Da malamin ya zo, Oga ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, kuskuren daga wajenmu ne," ya miƙa masa kuɗinsa cif. Bai ce kuskuren yarona ba. Mai shagon Sabon Gari ya karɓi kayansa amma ya zabtare wani abu, ni na cike gurbin daga abin da nake samu, na ɗauki kusan wata guda ina biya.

Yanzu ina da nawa ɗan wurin a Tudun Wada da yara biyu. Idan aka kawo mota mai kuka, mukan shiga ni da mai ita mu zaga har Ƙofar Doka mu dawo, rediyo a kashe, gilashi a sauke, shi yana tuƙi ina tambaya. Wanda ya ce da safe take yi, sai in ce ya bar ta ta kwana. Wasu sukan ƙi, su tafi inda za a canza musu abu nan take. A hunturun bara mutum uku suka yarda suka bar tasu, biyu daga ciki robar nan ce.