Barkar da na yi wa Ammu a Berlin

Wata takwas ke nan da zuwana Berlin lokacin da na tafka abin kunyar da har yau idan na tuna sai in ji gumi a tsakiyar hunturu.

A gidan burodi nake aiki a unguwar Neukölln, aikin asuba, tun ƙarfe huɗu. Mai kula da tandarmu wani dattijo ne Bafalasɗine, Ammu muke ce masa. Shi ya nuna mini inda ake sayen nama halal a titin Sonnenallee, shi ya ba ni rigar sanyinsa ta biyu da ya ga ina kyarma. Da guntun Larabcin Islamiyya nake lallaɓawa da shi, yana gyara mini yana dariya.

Ranar Asabar 7 ga Oktoba 2023, ranar da ƙungiyar Hamas ta Gaza ta kai hari Isra'ila, wayata ba ta huta ba. Zauren WhatsApp na abokanmu na Kaduna ya cika da kabbara da bidiyo. Litinin da asuba na shiga aiki da fara'ata, na kama hannun Ammu na ce, "Mabruk, Ammu!" Wai ni ga mai kishin 'yan'uwa.

Bai zare hannunsa ba. Ya dube ni, garin fulawa a gemunsa, ya ce, "Ɗana, ka san wa zai biya kuɗin wannan barkar?" Mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu suna Jabaliya, a Zirin Gaza. Kwana biyu bai runtsa ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sai daga baya na zauna na karanta abin da na yi wa barka. Kimanin mutum 1,200 aka kashe a Isra'ila ranar, yawancinsu farar hula, aka kama kusan 250. Akwai ma'aikatan gona 'yan Thailand a ciki, akwai ɗalibai biyu 'yan Tanzaniya da suka je koyon noma, baƙar fata 'yan ci-rani kamata. Babu wanda ya turo hotonsu a zaurenmu.

Ranar 31 ga Oktoba aka yi wa sansanin 'yan gudun hijira na Jabaliya ruwan bama-bamai. Isra'ila ta ce wani kwamandan Hamas take nema. To, in ka rusa unguwa a kan mutum ɗaya, sauran su wa ya kashe? Ni dai a hankalina wanda ya saki bam ya san akwai yara a ƙasa, alhakinsu na wuyansa, ko da wa ya ɓuya a bayansu. Ammu ya yi mako bai zo ba. Da ya dawo bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Daga bakin wani yaro Basiriye na ji cewa ƙanwarsa ɗaya da 'ya'yanta sun rasu a wani harin. Na je yi masa ta'aziyya, harshena ya yi nauyi. Bakin da ya ce mabruk shi zai ce Allah ya jiƙansu?

Ana cikin haka, farkon Disamba, Inna ta kira tana kuka. Jirgi maras matuƙi na sojojinmu ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi, hukuma ta ƙirga gawa 85. Aka ce kuskure ne. Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa, Jamusawa na wucewa da kayan Kirsimeti, babu wanda zan juya in gaya wa. Ammu kaɗai ya gane da na ba shi labari. Ya yanko mini burodi mai zafi da zatar, wani yajin ganye na Larabawa, ya ce, "Ci, ɗana."

Ƙanina har yanzu yana turo bidiyon gawawwakin Gaza, ya ɗora waƙa a kai. Na ce ya bari, ya ce Turawa sun wanke mini ƙwaƙwalwa, kuɗin harajina ma Jamus makamai take sayar wa Isra'ila. Na ƙarshen nan ya soke ni, ban ba shi amsa ba. Mun yi wata biyu ba mu gaisa ba, sai da Inna ta sa baki. Ita abin da ya dame ta daban ne: ina cin abinci kuwa, kuma yaushe zan turo na gyaran rufin ɗakinta kafin damina.