Ƙannena, kada ajin kimiyya ya raba ku da burushi

Ranar da aka sa ni ajin kimiyya a sakandare, na tattara fentina da burushina na ba ƙanina. A ganina a lokacin, zane aikin waɗanda lissafi ya gagara ne. Na koma hadda: in karanta, in rufe littafi, in maimaita. Ban san abin da na yi wa kaina ba sai da jarrabawar gwaji ta bayoloji ta zo, wadda WAEC ke ajiye maka abu a gabanka, fure ko ƙwaro ko ƙashi, a ce ka zana shi ka sa wa kowane sashe suna. Sunayen suna kaina tsaf, amma idona bai san inda suke a jikin furen ba.

Akwai kuma wani kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa. Ko can da nake zane, hoton littafi nake kwafa in ƙawata shi da launi, malami ya yaba. Kada ku bi ni a nan. Ku tsinko furen kuɓewa, ku tsaga shi da reza, ku zana abin da idonku ya gani. Baki yana iya cewa "kusan haka ne" ya wuce, hannu kuwa dole ya tsaya ya ƙirga. A nan za ku ga ganyen furen biyar ne, kuma zaruruwan da ke ɗauke da garin fure sun haɗe sun zama sanda guda a tsakiya. Santiago Ramón y Cajal, likitan nan na Sifen, tun yana yaro zane yake so, mahaifinsa ya tura shi karatun likita. Bai ajiye alƙalaminsa ba. Da hannunsa ya riƙa zana ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa yana duba su a madubin ƙara girma, har ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take, ba a dunƙule suke ba. Ya karɓi lambar Nobel a 1906.

Na san a wasu gidajen ana ƙyamar zana mai rai, kuma ban ce ku saɓa wa iyaye ba. Tsirrai da taswira da adon bango sun ishe ku aiki. Ku ɗauki kamfas ku yi da'ira, kada ku sake buɗinsa, ku bi gefenta kuna sa alama: sau shida zai zagaye ta daidai. Ku ja layi daga kowace alama zuwa tsakiyar da'irar, ku cike da launi, kusurwa mai digiri 60 ta zauna muku.

Inda na fi jin takaicin abin da ya wuce ni shi ne kemistiri, domin fentin ma darasi ne. Ku jiƙa zoɓo ya yi kauri, ku shafa a farar takarda. Wurin da kuka ɗiga ruwan lemon tsami jan zai ƙara haske, wurin da kuka ɗiga ruwan kanwa zai rikiɗe ya yi duhu mai kore-kore. Aikin takardar litmus ke nan (takardar da ke sauya launi idan ta taɓa abu mai tsami ko mai irin kanwa), wanda na haddace shekara da shekaru ban taɓa gani da idona ba, alhali zoɓo da kanwa suna ɗakin girkinmu. Wanda ke Kano ya leƙa marinar Ƙofar Mata: yadi yana fitowa daga ruwan baba da kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi, saboda oksijin ya haɗu da rinin.

Kada rashin kuɗin fenti ya tsayar da ku. Garin gawayi da ƙaro su ne tawadar allo, kuma ƙaron nan shi ake sa wa fentin ruwa na kanti don launi ya kama takarda. Ku gwada shi da jar ƙasa da kurkur. A gefen kowane launi ku rubuta abin da kuka haɗa da yawansa, don ku iya maimaitawa. Na zoɓo kuma ku adana shi cikin littafi, domin rana tana koɗar da shi da wuri.