Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Cikin Fari a Sashen Katalog

A makon jiya na tsaya ne a kan komawata aiki bayan hutun aure, da yadda aka ɗauke ni daga teburin bayar da aron littattafai aka mayar da ni sashen katalog. Yau zan shiga watannin ƙarshe na shekarar 2019, lokacin da nake ɗauke da cikin fari, jami'ar da nake yi wa aiki a Jihar Gombe kuma take shirin karɓar tawagar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, masu zuwa tantance kwasa-kwasai.

Mutane da yawa suna ɗaukar aikin laburare a matsayin aikin zama cikin sanyi ana karatu, har wata ƙanwar mahaifina, da ta ji inda nake aiki, ta ce ai na huta, tunda ba ni da ɗalibai ba ni da alli. Wanda ya taɓa ganin ɗakin karatu na jami'a ana gab da zuwan masu tantancewa ba zai faɗi haka ba. A lokacin ne littattafan da aka saya da tallafin TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, suke isowa kwali-kwali, kuma kowane littafi sai an duba shi da takardar oda, an buga masa hatimi, an ba shi lambar shiga a babbar rajista, sannan a zauna a tantance fanninsa a ba shi lambar kira bisa tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda galibin jami'o'in ƙasar nan suke bi. Likitanci yana ƙarƙashin harafin R, shari'a K, addinin Musulunci BP, tarihin Afirka kuma DT. Bayan haka a shigar da bayanan a manhajar Koha, a manna lamba a ƙashin bayan littafin, a tura shi a kura zuwa kanta. Masu tantancewa ba yawan littattafai kaɗai suke dubawa ba. Suna so su ga ko na zamani ne, ko sun dace da kwas ɗin da ake koyarwa, ko akwai mujallun ilimi, ko kwamfutoci suna aiki, ko kujeru za su wadaci ɗalibai. Saboda haka kowa a ɗakin yana ɗaukar kaya, yana hawa tsani, yana kakkaɓe ƙura, babu babba babu yaro.

A cikin wannan hidima ne laulayi ya kama ni da gaske. Warin gam ɗin da muke manna lamba da shi, wanda na yi shekaru ina shaƙa ba tare da na kula ba, ya koma mini abin tayar da zuciya, haka ma ƙamshin sabon bugu idan aka buɗe kwali. Da hantsi ya yi sai wani barci mai nauyi ya danne ni a gaban kwamfuta, har haruffa su riƙa rabuwa biyu a idona. Nakan ajiye tsamiya da yalo a aljihun tebur ina ɗan tsotsa ina ɗan ɓantara a ɓoye, alhali ni ce nake hana ɗalibai shigowa da abin ci.

Duk da haka ban gaya wa kowa ba, kuma duk macen da ta tashi a gida irin namu ta san dalili. A wajenmu cikin fari ba abin da ake furtawa ba ne. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, har yau ba ta ambatar sunan yayanmu na fari, kuma ban taɓa jin ta ce wata 'yarta tana da ciki ba, sai dai ta ce wance ba ta jin daɗin jikinta. Akwai kunya, akwai kara, akwai kuma tsoron baki, wanda ko masu digiri ba su rabu da shi ba. Sai na ƙara girman hijabi na ci gaba da aiki, ina zaɓar ƙananan kwalaye, ina kauce wa tsani da dabara. Ina ganin kyan wannan ɗabi'a a cikin gida, inda mata suke gane juna da kallo kawai, su ɗauke wa mai ciki daka da ɗiban ruwa ba tare da an ce uffan ba. Amma ofis ba ya aiki da kallo. A ofis, wadda ta rage hanzari ba ta faɗi dalili ba, lalaci za a rubuta mata, ko da ba a takarda ba.

Wanda ya fara ganewa shi ne dattijon da yake tura mana kurar littattafai, wanda duk muke kira Baba. Wata safiya na sunkuya zan ɗaga kwalin kundayen digiri, sai ya dafa shi ya ce, “Malama, bar shi, wannan ba kayanki ba ne.” Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma daga ranar ban sake samun kwali a kusa da teburina ba. Shugabar sashen mujallu kuwa, wadda ta haifi 'ya'ya da dama tana bakin aiki, ba ta bi ta hanyar kara ba. Ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa ta ce, “Ƙanwata, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ki je ki gaya wa Oga kafin a fitar da jadawalin aikin yamma, in ba haka ba za ki tsinci kanki a Keke Napep bayan isha'i kina neman hanyar Tumfure.” Na ce, “Anti, da wane baki zan faɗa?” Ta ce idan baki ya ƙi, ai alƙalami bai ƙi ba.

Gaskiyarta ce, domin hutun haihuwa ba a samunsa da ishara. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta tanadi makonni 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya ta wancan lokaci kuma ta ba da makonni 16 da cikakken albashi, sannan kowace jami'a tana da nata littafin sharuɗɗan aiki. Amma ko wanne aka bi, sai mace ta kawo takardar likita mai nuna lokacin da ake sa ran haihuwa, ta haɗa da wasiƙa zuwa ga magatakarda ta hannun shugabanta. Abin da ban iya faɗa wa Dada ba, shi ne zai shiga fayil ya bi ta hannun masinja da akawu da sakatare, kowa ya karanta ya sa hannu. Na rubuta wasiƙar, na kai wa shugaban ɗakin karatu da kaina, na ce, “Ranka ya daɗe, ga wata takarda,” idona yana ƙasa. Ya karanta, ya ce Allah ya raba lafiya, nan take ya cire sunana daga aikin yamma da aikin kanta, ya bar mini tantance fanni da shigar da bayanai, ya kuma ce in fara koya wa wani ƙaramin ma'aikaci aikina tun da wuri.

Sai da na faɗa ne zuwa awo ya zame mini da sauƙi. Ranar awo safiya ce sukutum take tafiya: a karɓi kati, a hau layi, a gwada nauyi da hawan jini, a duba fitsari da yawan jini, a saurari bayanin ma'aikaciyar jinya, sannan a ga likita. A nan ake bayar da ƙwayoyin ƙarin jini, da allurar tetanus, da Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake sha bayan an wuce watanni ukun farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga shawararta a 2016 daga zuwa awo sau huɗu zuwa sau takwas, kuma ma'aikaciyar da take ɓoye cikinta ba za ta iya ƙirƙiro uzuri har sau takwas ba. A kan wannan benci na asibiti na riƙa haɗuwa da ɗalibanmu matan aure, waɗanda a da nake ganinsu a ɗakin karatu ba tare da na yi tunanin nisan bayan gida daga wurin zamansu ba, ko taurin kujerun katako da suke wuni a kai lokacin jarrabawa. Daga baya na nemi a ware wasu kujeru a ƙasa kusa da ƙofa, aka kuma amince.

Akwai wata magana ta biyu da ta fi ta ofis wuyar furtawa. Tunda sana'ata neman bayani ce, na duƙufa a kan kantar RG, inda littattafan ciki da haihuwa suke, ina kuma shiga Hinari, rumbun mujallun lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe wa ƙasashe masu tasowa a 2002. A can na karanta cewa tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa da yawa. Binciken baya-bayan nan da aka yi a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, amma yawan kanwa ga mai jego, musamman wadda jininta yake hawa, ba abin wasa ba ne. A daidai lokacin kuwa surukata, Hajiya, ta riga ta sa an fara tara itacen wanka, tana lissafin ganyen darbejiya da tukunyar da za a aro, cikin murna da ƙauna da ba ni da abin da zan biya ta da shi. Matar ɗa ba ta buɗe mujalla a gaban uwar mijinta ta ce ga abin da masana suka ce.

Na kai maganar wurin maigidana, shi ma ya yi ta juya ta, domin namiji ba ya tsoma baki a sha'anin jego. A ƙarshe dabarar da ta yi aiki ita ce na roƙi Hajiya ta raka ni awo. Ma'aikaciyar jinyar, wadda sa'arta ce, ta gwada jinina ta ga ya ɗan ɗaga, ta juya ta ce, “Hajiya, wannan 'yar taki a yi mata wanka da ruwa mai ɗumi, kanwa kuma a taƙaita, kunun gyaɗa da na tsamiya sun ishe ta.” Hajiya ta ce ai su ma a zamaninsu sun ga waɗanda suka kumbura bayan haihuwa, ana cewa sanyi ne ya shige su. A hanyarmu ta komawa gida ba ta ce mini komai ba, amma da yamma na ji tana maimaita wa maƙwabciyarta maganar a matsayin shawarar da ita ta yanke, ni kuwa ban gyara mata ba.

Masu tantancewa sun zo hunturu ya fara sauka, ƙura tana shigowa ta kowace taga. Ni aka sa in zauna a kwamfuta ina fito musu da jerin littattafan kowane kwas, aikin da ba ya bukatar tsayuwa. Bayan tafiyarsu na koma kan wata maƙala da nake rubutawa, domin ma'aikacin laburare na jami'a yana sahun malamai ne, ba a yi masa ƙarin girma sai ya wallafa bincike, kuma na san idan jariri ya zo ba zan ga teburin rubutu ba sai bayan wata da watanni. Na tura ta wata mujalla a watan Janairun 2020, na rubuta takardar miƙa aiki, na jera littattafan da ban gama ba a kura ɗaya da bayanin inda na tsaya a kan kowanne.

A gida kuma aka tsayar da shawara cewa zan tafi goyon ciki wurin Dada a Jekadafari idan wata ya kama, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Lissafin likita ya faɗa a cikin watan Maris, watan da ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ta shiga yajin aiki, gwamnati kuma ta rufe makarantu saboda annobar korona. Yadda naƙuda ta zo mini a cikin wannan yanayi, da yadda aka yi suna ba tare da taro ba, shi zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.