Ranar da na fara riƙe alli a gaban 'yan CE1, aji uku na firamare

Tun da muka shiga ENIEG, makarantar horar da malamai ta Garwa a Kamaru, ake ce mana sai ka je sitaj, wato gwajin koyarwa a aji, za ka san ko kai malami ne, ni kuwa a lokacin gani nake in dai fish ɗinka, wato takardar shirin darasi, ta yi kyau to magana ta ƙare. Kwana uku na yi ina rubuta tawa, lissafi ne, ɗebewa mai aro, na tsara komai minti-minti yadda aka koya mana, har abin da zan faɗa in na shigo sai da na haddace da Faransanci.

Da safe na hau kilando, wato acaɓa, zuwa makarantar, ƙurar hunturu ba ta gama wucewa ba. Ajin ya cika maƙil, yara huɗu-huɗu a benci ɗaya wasu a ƙasa kan tabarma, suka miƙe gaba ɗaya "bonjour monsieur", wallahi sai da na ji ƙirjina ya buga. Malamin ajin, dattijo ne da ya daɗe a aikin, ya ja kujera can baya ya zauna da birorinsa.

Na rubuta 52 − 27 a allo, na yi bayani tiryan-tiryan, duk inda na tsaya na tambaya ko sun gane sai ajin ya amsa "oui monsieur" da ƙarfi, raina ya yi fari. Sai na ce kowa ya yi a ardwaz ɗinsa, ɗan allon hannu, na buga tebur suka ɗaga sama, wannan da ake kira La Martinière. Jama'a, amsar 35 nake gani ko'ina! Sun ga 2 ba ta kai 7 ba sai kawai suka juya, suka cire 2 daga 7. Waɗanda suka rubuta 25 ba su kai goma ba.

Na sake maimaita bayanin nan dai, da Faransancin nan dai, murya kawai na ƙara ɗagawa, lokaci ya ƙare ban kai ko rabin fish ɗin ba.

Da aka fita rekireyasho, wato hutun tara, malamin ajin ya kira ni gindin dalbejiya, bai yi faɗa ba ko kaɗan. Ya ce "Malam, yaran nan a gida Fulatanci da Hausa suke yi, oui ɗin da kake ji ladabi ne, kada ka ƙara tambayarsu ko sun gane, ardwaz za ka tambaya." Na ce to Baba ya zan yi da aron? Ya aiki wani yaro ya kawo tsinken tsintsiya ɗauri goma-goma da roba, ya ce gobe ka bar su su kwance ɗauri ɗaya da hannunsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wata yarinya ce a bencin ƙarshe, ita ma 35 ta rubuta, amma da aka tashi na gan ta a bakin get tana taya mamarta sayar da ƙosai, tana ba da canji da dala-dala ba ta kuskure ko sau ɗaya. Ashe ta iya ɗebewa sarai, harshena ne bai kai gare ta ba.

Washegari na ba ta ɗauri biyar da tsinke biyu, na ce da Hausa a hankali, ba ni ashirin da bakwai. Ta kalli biyun nan, ta kalle ni, sai ta sa hannu ta cire robar ɗauri ɗaya.