Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Allurar Wata-Wata

Makon jiya na tsaya a ranar da aka cire wa Yaya mari a gidan malamin da ya yi damina guda a hannunsa saboda taɓin hankali. Kafin nan tumakin Inna duk sun tafi a sadaka da turare da rubutu, Baba kuma ya jinginar da gonar fadama. Ba addu'a nake rainawa ba, har gobe muna yi, amma tabon ƙarfen nan yana nan a ƙafarsa.

Malamin asibitin sha-ka-tafi na garinmu ne ya tari Baba bayan la'asar, ya ce, "Baba, wannan ba jifa ba ne, ciwo ne. Ku kai shi Kazaure." Can asibitin masu taɓin hankali aka kwantar da shi, daga baya aka sallame mu da ƙwayar Largactil da wata allura da ake yi sau ɗaya a wata. Da aka faɗi kuɗin, Baba sai da ya ce a maimaita masa, don ko kuɗin ɗan akuya bai kai ba.

Da farko barci kawai yake, hannu na karkarwa, yawu na zuba. Inna ta ce an ƙarasa mata ɗa. Likita ya rage maganin, ya ƙara Artane don karkarwar, ya ja mana kunne mu ɓoye ta saboda samari na shanta don maye. Ana fara girbin gero Yaya ya ɗauki magirbi ya bi Baba gona.

Hanya ce ta so ta karya mu. Acaɓa zuwa bakin titi, sannan mota, mutum biyu, zuwa da dawowa. Da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin motar ya wuce na magani nesa ba kusa ba. Aka tsallake wata biyu, sai ga Yaya yana hira da bango cikin dare. A shekarar ce kuma Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. To madalla, amma ni a ganina a fara ajiye allurar nan a ƙananan asibitocin ƙauye kusa da maganin zazzaɓi. Mu dai likita ya rubuto takarda, yanzu malamin asibitinmu ke yi masa.

Mako mai zuwa zan kawo muku yadda iyayen yarinyar da yake nema suka aiko a zo a kwashi kayan sa rana.