Shari'ar da Baba ya rasu ya bari, da jinkirin da muka yi

Ranar jana'izar Baba, a watan Fabrairun 2021, Baffa ya miƙe ya yi shela yadda aka saba: duk wanda yake bin marigayi bashi, ko marigayi yake binsa, ya zo ya same mu. Ba wanda ya tuna da shari'ar fili da Baba ya shigar a babbar kotun jiharmu tun 2015, har ni da nake kai shi zaman kotu a babur.

Lauyansa ya sanar da kotu rasuwar a watan Maris, mai shari'a ta ba da kwana talatin a kawo waɗanda za su maye gurbinsa. Mamaci ba ya ƙara, ba a ƙararsa, amma shari'ar fili ba ta bin mai ita kabari kamar yadda shari'ar ɓata suna ke yi; magada ne ke ɗauka. Lauya ya aiko da wasiƙa, ta faɗa hannun Yaya, ya sa ta a aljihun motarsa. A lokacin gida ya rabu biyu. Ɗakinmu na cewa Yaya ne babba, shi zai tsaya. Ɗakin Anti, amaryar Baba, na tsoron in sunansa kaɗai ya shiga takarda to fili ya zama nasa, ga 'ya'yanta biyu ƙanana. Daga 6 ga Afrilu ma'aikatan kotu suka shiga yajin aiki a faɗin Nijeriya har tsakiyar Yuni, muka samu abin fakewa. Bayan nan aka ce a bari iyayenmu mata su fita takaba, sai kuma a gama rabon gado.

Wata Asabar a Nuwamba na bi ta wajen filin, na tarar da tifa ta juye yashi, ga bulo an jera a gefen bishiyar darbejiyar da Baba ya shuka. Litinin da sassafe ina ofishin lauya. A nan na ji cewa tun Oktoba wanda ake ƙara ya roƙi kotu ta cire shari'ar daga jerin shari'unta, aka kuma cire.

Lauya ya ce in kwantar da hankalina, cirewa daban, kora daban: wadda aka cire ana iya roƙon a maido ta. Sabuwar ƙara kuwa na nufin komawa farko, shaidun Baba sun tsufa, ga dokar ƙayyade lokaci da ke rufe ƙofar neman fili bayan shekara 10 ko 12, gwargwadon jiha. Sai ya rubuta roƙo guda mai buƙata uku: a ƙara mana lokaci, a maido da shari'ar, a sa sunayenmu a madadin na Baba.

Wahalar tana cikin takardar rantsuwa. Ya ɗauko kalanda ya shimfiɗa a tebur, ya ce, "Malam, faɗa mini abin da kuka yi daga tsakiyar Yuni zuwa Oktoba." Na ce a rubuta ba mu san da umarnin kotu ba. Ya buɗe fayil ya nuna mini sa hannun Yaya a kan takardar karɓar wasiƙa. Ya ce ƙarya ɗaya a takardar rantsuwa tana zubar da sauran gaskiyar da ke ciki. Kunya ta rufe ni, don na san gaskiya ya faɗa. Muka rubuta abin da ya faru: saɓani ne ya tsayar da mu, kuma ga ranar da aka warware shi.

Abin da ya fi taimakonmu takardu ne masu kwanan wata. Na je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na karɓo takardar shaidar mutuwa, wadda da na yi tun makon sadakar bakwai da ta fi sauƙi, tun da dokar 1992 ta wajabta rajistar mutuwa. Na karɓo kwafin zaman kotun shari'ar Musulunci inda aka lissafa magada goma sha ɗaya. Nan ne Anti ta samu natsuwa, da alƙali ya yi mata bayani cewa wanda ya tsaya a shari'a wakili ne kawai, rabon kowa na nan yadda Allah ya yanka. Aka sa ni da Yaya a madadin sauran, ita kuma ta tsaya wa yaranta. Da an yi mata wannan bayanin tun Maris, da ba mu yi asarar wata takwas ba, kuma laifin namu ne mu manya da muka ɗauki tsoronta a matsayin rigima.

Lauyan ɗaya ɓangaren ya yi suka sosai, ya ce sakaci ne tsagwaronsa. Mai shari'a ta ce kwanakin yajin aiki ba za a ɗora mana su ba. Takaba kuwa ta ce ba ta hana 'ya'ya maza zuwa kotu ba, kuma ban ga abin musu a nan ba. Sauran watannin ta karɓi bayaninmu saboda takardun kotun gado sun gaskata shi, kuma rikicin fili ya fi dacewa a yanke shi bisa hujja. Ta amince da roƙon duka uku, ta ce mu biya abokin shari'a kuɗin ɗawainiyarsa, ban da tarar makara da muka biya a rajista.

Da muka fito, magatakarda ya ja layi da jan biro a kan sunan Baba a bangon fayil, ya rubuta namu a ƙasa. Yaya ya juya baya yana share ido. A zama na gaba lauya ya shigar da roƙon a dakatar da ginin, wanda a lokacin ya kai linta.