Tarihin Rayuwata, Kashi na Takwas: Ƙarar Bindigar Hawa

A makon jiya na tsaya ne a inda aka dawo da ni gida bayan kwana 19 a hannun masu garkuwa, ƙafafuna a kumbure, zaurenmu na cikin birnin Zariya cike da 'yan barka. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Barka da arziki, ai wuya ta wuce." Ni ma haka na ɗauka.

Ƙafa ta warke cikin mako uku, amma barci ya ƙi dawowa. Ƙarfe biyun dare na yi idona zai buɗe tarau, domin a daidai lokacin suke tashinmu su sauya mana sansani. In babura biyu ko uku suka shigo lungunmu tare, sai in ji gumi yana bin bayana. A masallaci na koma sahun ƙarshe, gefen ƙofa. Mota kuwa, wadda na yi shekara 14 ina ci da iyalina da ita, ko makullinta ban iya kallo ba. In tafiya ta kama ta Kwangila, gara in yi dogon zagaye da in hango tasha. Wata rana 'yata ta saki kwanon silba a tsakar gida, na daka mata tsawar da ta sa ta yi kwana biyu tana ɓuya a bayan uwarta. Wannan har yau yana ci mini rai.

Sai Ƙaramar Sallah ta zo. Ɗana, mai shekara bakwai a lokacin, ya matsa sai mun je kallon hawa. Na saɓa shi a wuya muka kutsa har kusa da ƙofar fada. Ana kiɗa, ana busa algaita, dawaki sun sha ado. Can 'yan bindiga suka saki wuta sama kamar yadda suka saba kowace shekara, warin albarushi ya bugi hancina. Ban san yadda aka yi ba, sai ganina na yi kwance a bakin kwata, na danne kan yaron da ƙirjina, ina cewa, "Kada ku harba, wallahi babu kuɗi a jikina." Idona a buɗe yake, amma ba Zariya nake gani ba, kwalta nake gani da gilashin motata a tarwatse. Muryar yaron ce ta dawo da ni. A hankali ya ce, "Baba, ai na Sarki ne." Mutane sun kewaye mu, wani na cewa iska ce, wani na cewa ƙila na sha wani abu.

Inna ta sa aka yi mini rubutu da ruƙiyya, na kuma sha da zuciya ɗaya, don addu'a ta riƙe ni a daren da babu abin da ya riƙe ni. Abin da ya fi yi mini zafi shi ne masu cewa, "Ka yi tawakkali mana, wasu ma ba su dawo ba." Kamar ban sani ba! A gabana aka harbe ɗaya daga fasinjojina. Na koma sayen ƙwayar barci a wani kemis, daga ɗaya na kai uku.

Wanda ya gane ciwona wani dattijo ne maƙwabcinmu, tsohon soja da ya je yaƙin Laberiya cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, bayan 1990. Ya kira ni zaurensa ya ce, "Ɗana, na ga yadda kake zama bayanka a jingine da bango. Na yi shekaru ina haka. Ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Gobe ka shirya mu je Shika." Na ce, "Baba, wajen masu taɓin hankali fa za a kai ni." Ya ce, "To, ni da nake gabanka, can na je."

Likitar da ta gan ni a asibitin koyarwa na Shika ta bar ni na yi magana kusan awa guda. Sannan ta ce abin yana da suna, PTSD, wato ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Ta ce a 1980 likitoci a Amurka suka sa masa wannan suna, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga Biyetnam, amma yana kama wanda ya yi haɗari, da wadda aka yi wa fyaɗe, da irina. Kusan kowa yakan firgita a makonnin farko; in abin ya haura wata guda yana hana mutum rayuwarsa, to ya zama ciwo. Ta kwatanta mini da maigadin da ɓarayi suka taɓa shammata: daga ranar ko kyanwa ta gifta sai ya busa usur. Akwai ɓangaren ƙwaƙwalwa mai wannan aikin, kuma nawa ya ƙi yarda cewa an fito daga daji.

Ta janye ni daga ƙwayar kemis sannu a hankali, ta ce irinta na kama mutum ba tare da ta taɓa tushen ciwon ba. Ta ba ni wani magani na kullum, ta gargaɗe ni cewa sai ya yi makonni kafin in ji aikinsa. Amma aikin gaske a baki yake. Kowane zama sai na ba da labarin ranar da aka tare mu, tun daga shingen duwatsu har shiga daji, ina rawar jiki, mu sake komawa farko. A zama na biyu na rantse ba zan dawo ba. A na shida na kai ƙarshen labarin ba tare da na tashi tsaye ba.

Ta koya mini abin yi idan ya taso: in ja numfashi ta hanci, in sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, sannan in ambaci abu biyar da idona ke gani. Randa, buta, igiyar shanya, kaza, takalmin yaro. Maiɗakina ta haddace wannan. In ta ga idona ya kafe, ba ta taɓa ni ta baya, sai ta zagayo gabana ta ce, "Malam, me kake gani?" Aka kuma ɗora mini zuwa tasha: ranar farko minti biyar a bakin titi, bayan mako guda na zauna a bencin 'yan kamasho har na sha shayi.

Wata na huɗu da fara zuwa asibiti, wata asuba na ji ana girgiza ƙafata. Maiɗakina ce, tana hawaye tana murmushi. Ta ce, "Malam, tashi, an kira salla." Ƙarfe biyu ta zo ta wuce ban sani ba.

Har yanzu yakan dawo, musamman in na ji labarin an tare wata hanya. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo muku ranar da na sake riƙe sitiyari, da abin da ya faru da muka kai Jaji.